Hannun da Malam Isyaku Ya Ɗaga

Ranar Juma'a da hantsi ina jera sabulu a kan teburina da ke bakin titi a Gyaɗi-Gyaɗi, sai ga Garba Dogo ya tsallako kwata da takalmansa a hannu, domin an kwana ana ruwa. Garba abokin aikina ne tun muna masaƙa, kuma kamar yawancinmu kunnensa ya yi nauyi, ba ya magana sai ya tara wa mutum jama'a. Amma ran nan bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a gabana, ya miƙo tafin hannunsa, ya kife shi a hankali. A ɗakin saƙa haka muke cewa inji ya tsaya. Na ce, "Wa?" Ya motsa leɓɓansa babu sauti, na karanta sunan a bakinsa: Malam Isyaku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An sallace shi bayan an sauko daga masallaci, muka kai shi maƙabartar Tarauni cikin taɓo. Ni ne na kama makara ta wajen kai, har wasu suna yaba mini, wai Lawan ya riƙe zumunci. Wannan yabon ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin ban cancance shi ba. Ranar Laraba, kwana biyu kafin rasuwarsa, Malam Isyaku ya tsaya a tsallaken titi ya ɗaga mini hannu, ni kuwa na sunkuyar da kai kamar ban gan shi ba. Tun da muka juya muka bar shi a kabari tambaya ɗaya ce take cin raina: ya san na gan shi? Ya tafi da ni a zuciyarsa? Kafin in kai ga wannan sai na faɗi ko wane ne shi, domin da yawa a unguwa sun san tsohon da suke kauce wa hanya, ba su san mutumin ba.

Daga wani ƙauye na ƙasar Rano ya zo Kano yana saurayi, ya fara da sharar auduga a wata masaƙa a Sharaɗa. Sanda na shiga aikin ya riga ya zama mai gyaran injinan layinmu. Mu goma sha biyu ne a layin, kowa da injinan da yake tsaye a kansu, shi kuma yana kai da komo a tsakaninmu da sifana a aljihun baya da dogon sukudireba a hannu. Wanda bai taɓa shiga ɗakin saƙa ba ba zai gane irin ƙararsa ba. Ƙasa tana rawa, haƙoranka suna rawa, ko a kunnenka aka yi ihu ba ka ji. Shi ya sa muke magana da hannu da leɓe. In ka taɓa kunne ka nuna wani inji, kana nufin ka ji wata ƙara da ba ka yarda da ita ba. In ka kife tafi, ya tsaya. In kuwa ka ɗaga hannun dama sama ka buɗe yatsu, kana cewa ne abin ya fi ƙarfina, mai gyara ya zo.

Abin mamakin Malam Isyaku shi ne, a cikin wannan hargowar yana bambance muryar kowane inji kamar yadda uwa take bambance kukan 'ya'yanta. Yakan ɗora bakin sukudireba a jikin ƙarfe, ya manna ƙotarsa a bayan kunnensa, ya lumshe ido. Sau da yawa ma ba ya bukatar haka. Yana can ƙarshen layi sai ka ga ya tsaya cak, ya karkata kai, ya juyo ya nufo ka, alhali kai ba ka ga komai ba.

A watana na farko ƙoshiyar wani injina, wato abin da yake kai zare yana komowa da shi, ta fara tsallake zare. Na gani sarai, amma na ƙi ɗaga hannu, domin in yadi ya ɓaci a albashinka ake cirewa, ni kuma sabon shiga ne, ina tsoron a ce ban iya ba. Ina ta lallaɓawa, gumi yana zuba. Sai na ji an dafa kafaɗata. Ya durƙusa, ya ɗaure abin da zai ɗaure, ya warware yadin da ya ɓaci da hannunsa tun kafin mai duba aiki ya iso, ya wuce bai ko kalle ni ba. Da aka tashi cin abinci na je yi masa godiya. Ya ce, "Kai Lawan, da ina jiran sai an ɗaga mini hannu, da rabin layin nan ya ƙone. Wanda ya fi kowa bukata ai shi ne ba ya ɗagawa." Ya tura mini kwanon ɗan wakensa, ya ce in ci, ramata tana ba shi tsoro.

Lokacin da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, mun yi murna kamar kowa. Garba har rawa ya taka a bakin ƙofar masaƙa, wai yanzu talaka zai sha jar miya. Ba a daɗe ba muka ga irin miyar. Wutar lantarki ta zama baƙuwa, man da ake ba janareto ya yi tsada, ga yadin waje ya cika Kantin Kwari a kan kuɗin da ko zarenmu ba zai saya ba. Aka rage aikin dare, aka mai da mu kwana uku a mako, albashi ya koma zuwa rabi-rabi. Ranar wata Litinin muka iso muka tarar da ƙofa a kulle da takarda manne a jiki. Ni na karanta wa waɗanda ba su yi boko ba. An ce hutun wucin gadi ne. Yau shekara tara ke nan muna hutun.

Ba na son in cika ku da labarin wahala, domin babu gidan da bai ɗanɗana tasa ba. Amma akwai yadda talauci yake shiga gidan mai albashi wanda ya bambanta da na wanda ya saba. Ba ya shigowa da hayaniya. Rediyo ce take fara tafiya, sai fanka, sai keken ɗinkin uwargida, sai jeren samirarta ɗaya bayan ɗaya, har bango ya rage da tabon inda kabad ya tsaya. A gidana an cire yara daga makarantar kuɗi, abincin rana ya ɗauke ƙafa, nama ya zama na Sallah. Na shiga acaɓa da furfurata, wata mota ta watsar da ni a kan titin gidan zu, na yi wata huɗu a kwance, daga nan na koma tebur. Duk da haka kullum da safe sai ka ga ɗayanmu ya fito da wankakkiyar riga, ka ce ina gajiya, ya ce ba gajiya, ka ce ya iyali, ya ce lafiya lau. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana kai cefane gida ba ya iya buɗe baki ya ce jiya ba mu ɗora tukunya ba.

A shekara ta biyu muka je masaƙar mu shida, bin kuɗin sallamarmu da ake ta yi mana gobe-jibi. Ba mu sami kowa ba sai maigadi, wanda ya san mu, ya ce in muna so mu leƙa. Da ma ba mu leƙa ba. Rana tsaka ce, amma ɗakin saƙa duhu-duhu, haske yana saukowa ta ɓulallen kwano. Injinan suna nan a jere yadda muka bar su, wasu da yadi rabin saƙa a bakinsu. Auduga ta haɗu da yanar gizo tana reto daga sama kamar tsummoki. Abin da ya fi tayar mini da tsikar jiki shi ne shirun. Shekara goma sha bakwai na yi a ɗakin nan ban taɓa jin takun ƙafata a cikinsa ba sai ran nan.

Malam Isyaku ya wuce gaba. Muka ga ya karkata kai. Ya juyo, ya yi mana magana da leɓe babu sauti, kamar yadda ake yi in ana aiki: "Suna yi." Garba ya ce da ƙarfi, "Su wa, Malam?" Sai Malam Isyaku ya kama bin layinmu a hankali, yana rage kafaɗa a inda muka saba ragewa saboda bel mai juya inji, bel ɗin da ya yi shekara biyu bai motsa ba. Da ya kai wajen injinan Tanko, wanda ba ya cikinmu ran nan, sai ya tsaya. Ya zaro sukudirebansa daga aljihun babbar riga, domin ko masallaci da shi yake zuwa, ya ɗora a kan ƙarfen da ya yi tsatsa, ya saurara. Ya daɗe. Sannan ya taɓa kunnensa ya nuna injin, ya ce a fili, "Na Tanko yana ɗingishi. Ba zai kai damina ba in ba a duba shi ba." Tattabaru suka tashi daga rufi gaba ɗaya. Ban san wanda ya riga wani fita ba.

Kwana goma sha biyu bayan haka Tanko ya rasu a ɗakin da yake haya a Daurawa. Ciwon ƙirji ne, irin wanda auduga take bari, kuma ashe ya daɗe da daina sayen magani.

Daga nan magana ta fara zagayawa. Bayan wata bakwai ya taɓa kunne a majalisarmu ya ce na Audu ya fara ƙara, Audu bai ga azumi ba. Aka ce tsohon yana da baki. Wasu suka ce aljanun masaƙa ne suka biyo shi gida da aka bar su babu aiki, wasu suka ce kansa ne ya taɓu. Mata suka riƙa janye yara in ya shigo lungu. Maza masu gemu, waɗanda suka san babu mai sanin gaibu sai Allah, suka riƙa tuna wani uzuri da zarar sun hango farar hularsa. Shi kuwa bai fasa ba. Kullum yana tafe a ƙasa, daga Unguwar Gano inda yake zaune zuwa Daurawa, zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, zuwa duk inda ɗan layinmu ya koma, kansa a karkace kamar mai sauraron kiran salla daga nesa.

Ni na fi kowa sanin abin da yake yi a wannan yawon, domin teburina ne zangonsa. Yakan zo ya zauna a kan benci, mu gaisa, ya tsokane ni wai sabuluna ya fi ni ƙiba, sannan ya taɓa kunne. "Lawan, na Bala ya fara. Kwano ɗaya na masara." In na tambaye shi me ya sami Bala, sai ya ce, "Kai dai kawo kwanon. Tambayar ka bar ta nan, za ka same ta in ka dawo." Haka yake bi, wannan ya ba da kwano, wancan ya ba da kuɗin allura, ya haɗa ya kai. Ba ya miƙa wa maigidan a hannu. Sai ya daidaici sanda ya tafi masallaci, ya yi sallama, ya ajiye a soro, ya ce a gaya masa saƙo ne daga layi.

A hankali na gane yadda yake jin ƙarar. Yana lura da wanda ya daina zuwa wajen mai shayi, da wanda ya koma sahun baya kusa da ƙofa don ya fice kafin a gaisa, da gidan da aka daina zubar da ruwan wanke-wanke a kwatarsa da rana. Ba zai ce wane yana jin yunwa ba, domin wannan tonon asiri ne. Sai ya ce injinsa yana ƙara, magana ce da mu kaɗai muke ganewa. Kuma mutane ba su lissafa waɗanda ya ambata suka tashi ba. Bala yana nan da ransa, ga shi har ya yi tumbi. Biyu suka mutu aka riƙe, aka manta da sauran.

Sai dai akwai guda ɗaya da har yau ban sami bayaninsa ba, kuma ba zan ɓoye shi don in gyara labari ba. Sule, ɗan layinmu, ya tafi kudu neman aikin gadi, shekara uku babu wasiƙa babu saƙo. Wata rana da azahar muna cin rogo da ƙuli a bencina, Malam Isyaku ya kai loma bakinsa sai ya tsaya. Ya karkata kai wajen kudu. Ya ajiye lomar, ya goge hannu, ya kife tafinsa a kan gwiwa. Ya ce, "Na Sule ya tsaya. Bai ma yi ƙara ba." Ya yi salati ya tashi ya tafi. Bayan kwana huɗu wani direban tirela ya kawo hular Sule da agogonsa, ya ce Allah ya yi masa rasuwa, kuma ranar da direban ya faɗa ita ce ranar da Malam ya kife tafinsa. Na tambayi Malam daga baya, ya ce, "Ni ma ban so na ji ba, Lawan. Kai kana jin daɗi, kunnenka ƙara ɗaya yake yi, wadda masaƙa ta bar maka. Nawa goma sha biyu ne, kuma suna raguwa." Allah ne masani.

Tun daga ranar na fara kauce masa. In na hango shi sai in bar wa maƙwabcina tebur in ce zan zaga. Na gaya wa kaina tsoro nake ji, kada wata rana ya taɓa kunne ya nuna ni. Akwai wannan, ba na musu. Amma tunda na yi niyyar faɗin gaskiya, bari in faɗe ta duka: na gaji da kwanon. Masara tana ta hawa, ciniki yana ta sauka, yarana bakwai, ga mai gida yana maganar ƙarin haya. Duk zuwansa sai wani abu ya fita daga bakin 'ya'yana. Tsoron baki ya zo mini daidai, na lulluɓe rowata da shi. Kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, shi da yake tara wa kowa, wa yake tara masa? Ba shi da tebur, ba shi da babur. Gyaran injin markaɗe yake yi in an samu, su ma masu markaɗen rabin rana suke yi babu wuta.

Ranar Larabar nan ana yayyafi, bayan azahar. Na ɗago kai na gan shi a tsallaken titi, kusa da mai faci. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya tsaya bai tsallako ba, ina jin ya lura cewa in ya tsallako tashi nake yi. Na jira ya taɓa kunne. Bai taɓa ba. Sai ya ɗaga hannun damansa sama, ya buɗe yatsu. Shekara goma sha bakwai a masaƙa da tara a waje ban taɓa ganin Malam Isyaku ya yi wannan alamar ba, domin shi ake yi wa ita. Ba zan ce ban gane ba. Na gane sarai. Na sunkuyar da kai na shiga gyara jeren ashana da babu abin da ya same shi. Motoci suna wucewa, ina satar kallo ta ƙarƙashin rumfa, hannun yana nan a sama, ruwa yana bin gwiwarsa. Na ce a raina gobe zan je, in an yi ciniki. Da aka kira la'asar na duba, babu shi. Alhamis ba a yi ciniki ba.

A maƙabarta, mu biyar da muka rage daga layin muka tsaya waje ɗaya. Duk wanda ya yi masaƙa yana da wani zuuu a kunnensa da ba ya ɗaukewa, da shi muke kwana da shi muke tashi. Sanda aka gama jera itace aka fara mai da ƙasa, nawa ya ɗauke ɗif. Na ji ɗigar ruwa daga ganyen darbejiya, na ji numfashin na kusa da ni. Na waiga, sai na ga Garba ya kama kunnuwansa biyu, Bala yana ta waige-waige. Muna fitowa bakin titi ƙarar ta dawo.

Ranar sadakar uku na nemi iso in yi wa mai ɗakinsa, Yaya Habi, gaisuwa. Na durƙusa a bakin ƙofa, tana ciki a kan tabarma. Iska ta ɗaga labule, na ga ɗakin. Babu gado, babu kujera, sai ƙugiyar fanka a sama da buta a kusurwa. Na yi shekara biyu ban taka gidan ba. Ta ce maganin hawan jininsa ya ƙare tun kafin damina, ya hana a gaya wa kowa. Ta ce daga Litinin ɗin makon kunu kawai suke sha, shi ma sai ya ce ya ƙoshi.

Sannan ta ce, "Malam Lawan, ranar Laraba ai wajenka ya tafi. Ya ce mini, Habi, yau zan je gun Lawan, shi kaɗai ne ba na jin kunyarsa."

Na ce, "Haka ne, Yaya?"

Ta ce, "Ya dawo a jiƙe sharkaf. Na ce ka same shi? Ya ce na same shi, amma bai gan ni ba, na tsaya har la'asar. Ya zauna nan inda kake, can sai ya ce, idon Lawan ya fara, Habi. Mu zaren nan kunne ya ci mana, shi ya haɗa masa da ido, ga shi da yara ƙanana, kuma na san shi, ba zai faɗa ba. Ya sa Nasiru, babban ɗanmu, ya je ya tambayo ranar da ake duba ido kyauta a asibiti. An ce Litinin. Ya ce shi zai raka ka, don in kai kaɗai ne ba za ka je ba." Ta share hawaye da gefen hijabinta. "Don Allah ka je a duba ka. Maganar da ya yi ta ƙarshe a kan wani ke nan."

Na ce, "To, Yaya." Na tashi na fita.

Idona lafiya lau. Da shi nake zura wa matata zare a allura. Ban sani ba ko Malam Isyaku ya yarda da abin da ya gaya mata, ko kuwa ya gane komai ya rufa mini asiri a gaban iyalinsa, yadda ya rufa wa kowa. Na juya abin ta kowace fuska, kowacce ta fi 'yar'uwarta zafi. Na kasa faɗa mata a bakin ƙofa, shi ya sa na rubuta. Nasiru, kai ka yi karatu, ka karanta wa mahaifiyarka wannan duka, kada ka tsallake komai. Na gan shi. Ku yafe mini in za ku iya.

Ya Allah, ga bawanKa Isyaku ya zo maKa, babu komai a hannunsa sai abin da ya kai soron mutane a ɓoye. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya shi cikin natsuwar da bai samu ba a duniya. Ka rufa masa asiri ranar da asirai suke tonuwa. Ka ba Yaya Habi haƙuri da dangana, Ka raya Nasiru da ƙannensa, Ka buɗa musu ƙofar arziƙin da ba sai sun roƙi kowa ba. Ka jiƙan Tanko da Audu da Sule da sauran 'yan layinmu da suka riga mu. Ka sauƙaƙa wa duk magidancin da ya fito da wankakkiyar riga ya bar gida babu wuta a murhu. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka san abin da na gani da abin da na yi. Ka yafe mini, Ka sa shi ma ya yafe. Amin.